Tsohuwar da Ke Cikin Kwamfutar Ƙanena

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ana yaye ni aka kai ni unguwar Ƙofar Dundaye, cikin Sakkwato, wurin kakata ta wajen uwa, can na girma. Kakar nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiran ta. In ta zo gaida Inna ta tarar da ni a tsakar gida, sai ta dubi randa ko igiyar shanya ta ce, "Mutanen gidan ga suna lahiya?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce lafiya lau. Kowa ya san kunya ce, kuma a danginmu ana yabon macen da ta iya riƙe ta. Adda ta iya ƙwarai.

Inna ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Da na gama jarrabawa aka rufe ɗakinta, na tattara littattafaina na koma Runjin Sambo, gidan da aka haife ni amma ban taɓa daɗewa a cikinsa ba. Babanmu yana aiki a Abuja, sai an yi hutu yake leƙowa. Ƙanena, wanda daga ni sai shi, yana karatu a Zariya. Gidan ya rage daga ni sai Adda, ina jiran a kira ni bautar ƙasa, ita kuma ban san abin da take jira ba.

Zamanmu ya kasance irin na fasinjoji biyu masu ladabi. Ta kan zuba mini abinci ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce wa iska, "Abinci na hucewa." Ni in ce, "An gode." In na share tsakar gida sai ta ce wa tsintsiyar sannu. Ƙawayena wasu sun yi aure, wasu sun bar gari, waɗanda suka rage kuma zafin bazara ya kulle kowa a ɗaki. Na karanta duk abin da na zo da shi har na fara maimaitawa. Da rana nakan kwanta a kan siminti in saurari ƙarar keke-napep daga titi, in yi ta tunanin ina mutanen ciki za su, wa ke jiran su a can.

A ɗakin ƙanena akwai kwamfutarsa ta buga gem. Baƙin akwati ne mai gilashi a gefe, in an kunna sai ƙananan fankoki su yi ta juyawa a ciki da haske shuɗi. Da hannunsa ya harhaɗa ta, yau ya sayo wannan, bayan wata biyu ya samo wancan, mafi yawa na hannu. Bai tafi da ita makaranta ba don tsoron ɓarayi. Wata rana ya kira ni ya ce, "Yaya, don Allah ki riƙa kunna mini ita, zama yana kashe su."

"Ni mi na sani game da ita?"

"Maɓalli ɗaya ne, ko akuya ta iya. Akwai wani gem na tuƙin tirela, shi zai dace da ke. Ba harbi, ba gudu, irin naku na masu waƙe-waƙe."

Ya yi gaskiya. A gem ɗin babu abin da ake yi sai a ɗauki kaya daga wani gari a kai wani. Amma garuruwan na wata ƙasa ce mai sanyi, hanya ta ratsa cikin daji kore, ta hau dutse, ta gangara bakin tafki. Wani lokaci ruwa ya sauko, in kunna abin share gilashi, ya yi ta kai da kawowa. Ina zaune a Sakkwato gumi yana bin bayana, amma idona yana cikin ruwan sama. Muna da sola a gidan, da rana ne take da ƙarfi, shi ya sa na mai da tsakanin Azahar da La'asar lokacin tuƙina.

Matsala ɗaya kwamfutar take da ita, ita ce jira. Ma'ajiyar da gem ɗin yake ciki tsohuwa ce, irin wadda ake kira had-dis. Ƙanena ya ce a cikinta akwai faifai mai juyawa da wata 'yar allura da ke bi tana karantawa, duk abin da aka nema sai allurar ta je ta lalubo shi. In na buɗe gem ɗin sai allon ya yi duhu, wani siririn layi ya fito a ƙasa yana cika a hankali, akwatin kuma ya kama ƙara, ƙir-ƙir, ƙir-ƙir, kamar ɓera a buhun gero. Mutum zai iya tashi ya sha ruwa ya dawo bai cika ba. Haka in za a ɗauki sabon kaya, haka in an shigar da motar jirgin ruwa za a haye teku.

Da farko Adda wucewa kawai take yi. Sai na lura wucewar ta yi yawa. Rannan ta zo da kujera 'yar tsugunno da tiren shinkafa ta zauna a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ta ba ɗakin gefe kamar inuwar wurin ce ta kawo ta. Ina tuƙi tana tsintar shinkafa, idonta yana satar kallon allon. Wayarta ma da ta yi ƙara sai ta kashe ta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ana tuƙi." A wurin Adda ba a yi wa direba surutu, ko da motar ta cikin gilashi ce.

Da na kai bakin teku allon ya yi duhu, akwatin ya fara ƙararsa. Sai na ji ta yi 'yar dariya.

"Yi sannu, tsohuwa," ta ce, tana duban akwatin. "Ba mai korar ki. Haka gwiwun Inna ka yi in za ta tashi daga tabarma."

Ban motsa ba. Tun rasuwar Inna ban ji ta ambace ta ba.

"Kin san ta da tsoron kwaɗo, tsohuwa? Macen da ba ta tsoron kunama. Wata damina kwaɗo yaf faɗa cikin kwanon wankinta, tab bar zane tab bar komi, sai ga ta bakin zaure tana salati."

Layin ya cika, hanya ta bayyana, Adda ta mai da kanta kan tire. Na tuƙa motar har na goge wani shinge.

Daga ranar muka samu hanya. Kullum bayan Azahar tana zuwa da abin da za ta yi, ko zogale ta zage, ko kuɓewa ta yanka. In mota tana tafiya shiru. In allon ya yi duhu sai ta yi hira da tsohuwa. Ta ba ta labarin tafiyar da ta taɓa yi tana yarinya a saman motar albasa, yadda ta yi sati tana warinta. Ta tambaye ta ko mutanen waccan ƙasa ba su gajiya da ruwa, ina suke shanya, shanunsu masu ƙiba haka wa ke kiwon su da ba a ganin kowa. Ta gaya mata cewa har yanzu in ta shiga kasuwa sai ta tsinci kanta gaban mai goro tana zaɓar wa Inna fari, sai ta miƙa hannu sannan ta tuna. Duk wannan fuskarta tana wajen akwatin. Ni kuma nakan kafe idona a kan layin nan, ko numfashi mai ƙarfi ba na yi, kamar wadda tsuntsu ya sauka a kusa da ita.

A lokacin ne na gane abin da ban yi tunaninsa ba a ranakun zaman makoki. Uwa ɗaya muka rasa, ni da ita. Mutane sun yi mata ta'aziyya, sun yi mini, amma mu biyu ba mu yi wa juna ba, don babu bakin da za mu yi da shi.

Na fara zaɓen kayan da hanyarsu ta bi ta teku, ko da ta fi nisa, don a samu jira da yawa. In aiki ya ƙare ba na ɗaukar na kusa, sai in nemi wanda zai sa allon ya sake yin duhu.

Wata rana, tana ɓare gyaɗa, ta ce, "Tsohuwa, akwai wata yarinya da anka yaye anka kai ta Ƙofar Dundaye. To akwai wata mata, ba ni faɗin ko wace ce, da ta riƙa zuwa bayan katangar gidan da hantsi, ta tsaya kamar mai gyaran takalmi, tana saurare ko yarinyar na kuka."

Layin ya wuce rabi. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na dubi akwatin ni ma na ce, "Tsohuwa, to yarinyar ta yi kukan?"

Na ji ɓawon gyaɗa ya fashe a hannunta.

"Ba ta yi ba. Dariya anka ji tana yi da 'yan awaki." Ta hura ɓawon daga tafinta. "Shi yaf fi ciwo."

Hanya ta fito. Na tuƙa cikin wani gari mai jajayen rufi, ban ga komai a cikinsa ba.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa a garin, irin wanda yake rufe rana ya watse ba ruwa. Batirin solarmu ya tsufa, rannan ina tsakiyar tafiya komai ya mutu ɗif. Da wuta ta dawo na kunna, sai ƙarar akwatin ta canza. Bayan ƙir-ƙir ɗin da muka saba sai a ji tak, tak, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Wani lokaci motar ta daskare a tsakiyar titi, wani lokaci gem ɗin ya ƙi buɗewa sam. Na kira ƙanena na kara wayar a jikin akwatin.

"Inna lillahi," ya ce. "Yaya, wannan ta kusa. Allurar ce take dukan faifan. Ɗauke wuta ba ya yi musu daɗi, ga zafin garinku."

"Garinku? Kai daga ina anka kawo ka?"

"Ni yanzu mutumin Zazzau ne. Ki saurara. Abu biyu ne. Ko a sayi irinta sabuwa, tana da arha, tana cin kaya da yawa, amma jiran nan yana nan. Ko a sayi es-es-di. Ita babu faifai babu allura, kamar katin waya take, babba dai. Ba ta ƙara, ba ta jin jijjiga, kina dannawa ta buɗe. Sai dai tsada, kuma a kuɗi ɗaya ba ta kai waccan ɗaukar kaya ba. Ni dai da ina da hali, wallahi ko waiwayen mai faifai ba zan yi ba."

Na ce masa zan yi tunani. A raina na riga na gama: mai faifai zan saya, in ma da wadda ta fi wannan jinkiri, ita nake so. Ina da ɗan abin da na tara, zai isa.

Washegari da hantsi ina ɗakina na jiyo muryar Adda ta bango, tana waya ƙasa-ƙasa. Ta daɗe. Tana ajiyewa tawa ta yi ƙara. Ƙanena ne. Haka saƙo yake tafiya a gidanmu, daga ɗakin Adda ya je Zariya, sannan ya dawo ɗakina.

"Umma ta ce in gaya miki," ya ce, don shi Umma yake kiran ta, "ki duba ƙarƙashin faifan abincinki. Ta ɗauki adashinta. Ta ce ki sayo marar jiran, kada ki sayo ɗayar."

"Don mi?"

"Ta ce tana ganin yadda kike zama shiru kina kallon layin nan kamar mai jiran likita. Wai ko motsi ba kya yi don takaici. Ta ce yarinya tana zaune gida ba aiki ba ƙawa, abu ɗaya da take jin daɗinsa kuma sai ya riƙa wahalar da ita. Tausayinki take ji. Yaya? Kina ji na?"

"Ina ji."

"Ni fa na fi kowa murna. Allah Ya ƙara wa Umma adashi."

Na buɗe ƙofa. Kwanon yana nan, na ɗaga faifan, ga kuɗin a naɗe cikin ƙyalle. Adda tana can ƙarshen tsakar gida ta juya baya tana wanke tukunyar da na san an riga an wanke.

Na rungumi akwatin a cinyata cikin keke har Gidan Igwai, inda ƙanena ya kwatanta mini wani shago. Mai shagon mutum ne mai ƙiba da fara'a, yana shan shayi cikin wannan zafin. Ya buɗe akwatin, ya saurari ƙarar, ya girgiza kai.

"Malama, wagga ai sai addu'a. Allah dai Ya sa mu kwashe abin da ke ciki kahin ta cika."

Ya fito da guda biyu ya ajiye a kan gilashi. Ɗaya mai nauyi, kamar sabulun wanki, da ƙarfe a bayanta. Ɗayar siririya, ba ta fi biskit nauyi ba. Ya ce in ɗaga in ji. Na ɗaga mai nauyin na riƙe ta da hannu biyu.

"Wacce taf fi jira?" na tambaya.

"Wacce taf fi sauri, kike nuhi."

"A'a. Jira."

Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "Yau ga sabon salo. Tun da nib buɗe shagon ga, ke ta farko da taz zo neman jinkiri da kuɗinta. In jira kike so, Malama, ki tai banki ranar albashi, kyauta na."

Na yi dariya don kada ya ga fuskata. Na ce, "Ita wagga siririyar, ba ta ƙara ko kaɗan?"

"Ko tari. Kurma ta, bebiya ta. Ba abin da ka motsi cikinta. Ga shi ba ta ɗaukar zahi kamar waccan, a garin ga kuwa kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne. In gem kike bugawa, ita ta. In kuwa fina-finai da hotunan biki za ki tara, ɗauki mai faifai. Ko ki haɗa biyun, da yawa haka suka yi: gem a mai sauri, tarkace a mai faifai."

Na tsaya a kan wannan. Zan iya haɗa biyun, in sa a zuba gem ɗin a mai faifai, siririyar ta zauna a ciki ba aikin komai. Jira zai dawo, ƙara za ta dawo. Amma Adda za ta zauna a bakin ƙofa ta ga layin nan yana jan ciki kamar da, ta ɗauka an cuce ni, ko kuma ta ɗauka na raina abin da ta ba ni. Tun da nake, tufafina da takalmana da littattafaina duk ta hannun Inna suke zuwa, ko da na san daga inda wasu suka fito. Wannan ne abu na farko da Adda ta dube ni, ta ga kamar ina shan wahala, ta zaɓa mini da kanta. Ta yi kuskuren karanta shirun nawa, amma ai sai da ta kalle ni sosai kafin ta yi kuskuren.

Na ajiye mai nauyin. Tafina ya yi sanyi inda ƙarfen ya taɓa.

"Sa mini siririyar."

"Yawwa, yanzu kika yi magana. Da na ce ko rana ta taɓa ki a hanya."

Na zauna a benci ina kallon masu sayen wainar masa a tsallaken titi har ya gama kwashe abin da ke cikin tsohuwar ya zuba a sabuwar. Ya ce mun yi sa'a, kaɗan ne ya lalace.

Bayan Azahar Adda ta zo da kujerarta da kwanon wake. Na danna. Kafin ta gyara zama motar tana kan titi, ruwa yana sauka a gilashi.

"Ikon Allah," ta ce. "To, madalla." Muryarta cike da jin daɗi, irin na wanda ya ba da magani ya ga ya yi aiki.

Na tuƙa. Na kai bakin teku, allon ya ƙifta sau ɗaya, sai ga ni a wancan tsallaken. Na ji ta ja numfashi kamar za ta fara magana, ta sake shi. Na ɗauki sabon kaya, ya ƙifta, ga hanya. Har aka kira La'asar ba a ce komai ba. Da za ta tashi ta dubi akwatin, fankokin suna juyawa shiru cikin haskensu, ta ce, "Wagga baƙuwa ba ta da hira." Ta ɗauki kujerarta.

Gem ɗin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Motar ta daina daskarewa, itatuwa sun daina fitowa rabi-rabi. Da ƙanena ne a zaune a wurin da ya yi ta ihu. Ni kuwa na yi ta ratsa ƙasashe cikin sauri, ina isa ko'ina da wuri, bayana kuma mace tana tsintar wake ba ta cewa uffan, don ana tuƙi.

Na gwada dabaru. Na bar gem ɗin a shafin farko ban danna ba, ina yi kamar ina neman wani abu. Ba ta yi magana ba, babu ƙara, babu wanda za a ce wa sannu. Sai na koma tsayar da motar a gefen hanya, in kashe inji, in zauna hannuna a cinya. Ruwa yana zuba a kan gilashin, motoci suna wucewa. Rana ta farko ta yi shiru. Rana ta biyu ta ce wa ƙofa, "Mai ya ƙare?" Na ce wa allon, "Da saura." Muka ci gaba da zama. Ina jin ta a bayana tana jiran in tashi motar, ni ina jiran ta yi magana, kowa yana ladabi.

Da abin ya yi kwanaki, na sake jiyo waya ta bango, tawa kuma ta yi ƙara.

"Yaya, me ya samu es-es-din? Umma ta ce tana tsayawa a hanya. Ta ce mai shagon ya cuce ki don ya gan ki mace, wai in kira shi in yi masa magana, in ya ƙi ita za ta sa mayafi ta je da kanta."

"Lahiyarta lau."

"To me yake tsayar da motar?"

"Ni."

"Ke? Don me?"

Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai kalmomin suka fito a hargitse. Na ce masa lokacin jiran nan ne kawai Adda take magana. Na ce ba takaici ne yake sa ni shiru ba, saurare nake. Na ce na san labarin motar albasa, na san na goro, shi ya sani? Ya ce bai sani ba. Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayansa.

"Ni da nake hira da ita kullum," ya ce, "ban san kuna wannan wahalar ba. In gaya mata?"

Na san gidanmu. Na san akwai abin da in aka faɗe shi da baki ya tashi daga aiki. Amma ga ta tana shirin sa mayafi ta je ta yi faɗa da mutumin da bai yi laifi ba, kuma wani ɓangare na zuciyata, mai taurin kai, yana so ta sani ko da sau ɗaya.

"Gaya mata," na ce.

Na ji wayarta ta yi ƙara a wancan ɗakin. Na ji ta ce, "Na'am." Sai "To." Can kuma, a hankali, "To." Daga nan ban ƙara jin komai ba.

Ba ta zo bakin ƙofa ba a ranar, ba ta zo washegari ba. Da tana iya zama ne saboda tsohuwa take wa hira, ni kuwa maganar tana faɗo mini a kunne ne kawai. Yanzu an gaya mata ƙarara cewa 'yar farinta tana zaune tana ƙishin muryarta, kuma ta san na san ta sani. Ko a tsakar gida muka haɗu sai ta yi sauri ta shige madafa. Abinci yana zuwa a rufe kamar kullum, har da ƙarin nama, amma ko "yana hucewa" ɗin an daina. Na ci gaba da kunna kwamfutar bayan Azahar don na yi wa mai ita alkawari. Nakan kai kaya gari biyu ko uku in kashe.

Damina ta sauka sosai, aka fara fitar da sunayen masu tafiya bautar ƙasa, nawa bai fito a rukunin farko ba. Wajen lokacin nan ne wata ƙanwar Adda ta aiko mata da kaza da 'yan tsaki daga ƙauye. Gidan yana da faɗi, akwai rumfa a bayan madafa inda ya dace a ajiye su. Adda ta sa aka kafa akurkin a lungun da ke ƙarƙashin tagar ɗakin ƙanena, wurin da ko inuwar kirki babu.

Ina tuƙi wata rana bayan Azahar na ji an ja kujera a waje, an watsa tsaba. Ba na ganin ta, tagar ta yi sama, labule kuma a sake.

"Ke uwar 'ya'ya, matsa ki bar su su ci," na ji ta ce, da murya wadda ta fi ƙarfin kunnen kaza. "Haɗama kamar ba a ba ki jiya ba. Bari in gaya miki, shekarar da anka yi babban ruwa, katangar gidanmu ta Ƙofar Dundaye ta faɗi, Inna na ciki tana tuƙa tuwo..."

Na rage ƙarar gem ɗin har ƙasa. Na gangara da motar gefen hanya na kashe inji, na jingina kaina da bangon da ke ƙarƙashin tagar. Bangon da ɗumi. Ban tambayi kazar komai ba, ban yi tari ba, na bar ta ta ci gaba.